Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin da ke Cikin Adakar Iyayenmu Mata

Wata Asabar a watan jiya, muna zaune a inuwar masallaci bayan Azahar, sai ga ɗan gwangwan ya fito daga lungu yana tura baro. A saman tarkacen akwai tasoshin tagulla uku, da shantali, da wata munduwa mai kauri. Nan take muka gane kayan. Na wata tsohuwa ce da Allah ya yi wa rasuwa kwanan baya, wadda kusan duk yaran layin nan ita ta yi musu wankan farko. 'Ya'yanta sun zo daga nesa, kwana uku kacal gare su, ga mai gida yana jiran ɗakinsa. Aka ɗora kayan a sikeli, aka biya kuɗin kilo, shi ke nan.

Ba mu ga laifin 'ya'yan ba, ba mu kuma ga na ɗan gwangwan ba, sana'arsa yake yi. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, duk cikinmu babu wanda zai iya faɗin inda aka ƙera tasoshin nan, ko shekararsu nawa, ko ta yaya suka iso Abuja. Mai amsar ta tafi.

Garin baƙi

Mu mazauna Abuja baƙi ne, kuma garin kansa yaro ne. Ran 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta ware wannan yanki a matsayin babban birnin tarayya, kuma sai ran 12 ga Disambar 1991 aka taso daga Legas aka tare. Iyayenmu sun zo daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, wasu daga Maraɗi da Damagaram, wani leburan gini, wani direba, wani mai tireda, wani mai gadi. A unguwarmu babu ganuwa, babu gidan gado mai shekara ɗari. Ɗakunan da muka gina ma, da yawanmu mun ga yadda rusau ya share irinsu cikin yini ɗaya a tsakiyar shekarun 2000, har wasu iyalai suka yi ƙaura sau biyu ko sau uku.

To, in ka tambaya me ke cikin unguwar nan da ya girmi birnin, amsar tana ƙarƙashin gadon iyayenmu mata: adaka, da kwalla, da ƙullin tsumma mai duwatsun wuya. Namiji kan zo da jakarsa da ƙarfinsa. Mace kuwa in ta biyo shi, da kayan ɗakinta take zuwa, a ciki har da abin da uwarta ta ba ta, wanda ita ma uwar daga tata uwar ta samu.

Ba mu ne Hausawan farko da suka sauke kaya a wannan ƙasa ta Gbagyi da Koro ba. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya da jama'arsa ya yo kudu har Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da aka mayar da sunansa Suleja bayan an ba sabon birni sunan. Fatake sun daɗe suna ratsa nan tsakanin Kano da ƙasar Nufe da bakin Binuwai. Kayan da za mu yi magana a kansu, da yawansu ta irin waɗannan hanyoyi suka bi.

Jere: daga ƙwarya zuwa tangaran

Jeren ɗakin amarya ya sha canji, kuma kowane zamani da kayansa. Kakannin kakanninmu da ƙore aka yi musu jere, da akussa, da faya-fayi. 'Yar mai hali ita ake ƙara wa tasoshin tagulla, na maƙeran Kano ko na Bida. Tasar da aka ƙera da hannu ba ta ɓuya: juya ta ka shafa, za ka ji sawun guduma, kaurinta bai zama ɗaya ko'ina ba, zanen jikinta kuma in ka ƙura ido za ka ga wani fure ya ɗan fi wani. Ta inji sumul take, zanenta iri ɗaya sak. Sannan ka kawo mayen ƙarfe. Tagulla ba ta kama shi. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka cika da kwanonin waje, sai langa da fanteka da kwalla da kumbo suka fara ture ƙwarya. Mutane da yawa ba su san cewa fentin jikin langa gilashi ne ba. Garin gilashi ake shafa wa kwanon ƙarfe a gasa shi da wuta mai tsanani har ya narke ya manne, shi ya sa in langa ta faɗi take ɓantarewa, baƙin ƙarfen ciki ya bayyana. Da farko daga Turai ake kawo su, daga baya kayan Hong Kong suka mamaye kasuwa, sannan aka fara yin su a gida. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas, Kano ma ta samu nata masana'antun.

Wanda yake son sanin shekarun kwano, gindinsa zai duba. In ka ga hatimi da sunan Czechoslovakia, ka san an yi shi tsakanin 1918 da 1992, domin iyakar rayuwar ƙasar ke nan kafin ta rabe biyu. In West Germany aka rubuta, bai wuce 1990 ba, shekarar da Jamus ta haɗe. Haka ake karanta farantan tangaran da kofunan gilashi da suka shigo jere lokacin da kabad ya maye gurbin jeren bango. Sunaye irin su Pyrex da Duralex da Arcopal suna nan a gindin kofi ko kwano. Waɗannan kayan masana'anta ne da aka yi miliyoyinsu, ba su da wata tsada ta a zo a gani, amma suna faɗa maka zamanin da aka kai mai su ɗaki.

Duwatsu da ƙarau

Ƙullin tsumman nan da ke can ƙasan adaka, shi ya fi komai nisan tafiya. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa kayan da ya gani a kasuwa waɗanda suka ƙetaro Sahara, a ciki har da duwatsun ado na Banis ta Italiya, da madubai da allurai na Nurembag. Tun kafin shi ma abin ya daɗe. A Durɓi Takusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani a Katsina, an tona kaburburan sarakunan da a 1907, aka sake tonawa a 1992. An samu 'yan kunne na zinariya, da duwatsun ado, da wuri, da wata tasa da aka yi a ƙasashen Gabas, kuma kaburburan sun haura shekara 500. Wato son kayan ado na nesa ba jiya muka fara shi ba.

Murjani na gaske daga Bahar Rum yake, wata halitta ce ta ƙarƙashin teku mai tauri kamar dutse, fataken Tarabulus da Gadamas suka riƙa kawo shi. Jan dutsen da ake yin tsakiya da shi, mai yawa daga Khambhat ta Gujarat a Indiya ya fito, inda aka shafe ƙarnoni ana fere shi ana huda shi. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga sana'ar don kasuwar Afirka. Su kuma masu gilashin Jablonec a ƙasar Cek suka ga ciniki, suka riƙa zuba gilashi a mazubi suna kwaikwayon murjani da tsakiya da araha. Don haka jabu ma yana da nasa tarihin, wani jabun ya haura shekara 100.

Rarrabewa ba ta buƙatar na'ura. Dutse na gaske yana da nauyi, in ka ɗora shi a kumatu za ka ji sanyi, kuma ya daɗe bai ɗauki ɗumin jiki ba. Gilashin da aka zuba a mazubi yana da siririn layi a gefe, inda baki biyu na mazubin suka haɗu. Roba ba ta da nauyi, in ka ƙwanƙwasa ta a haƙori ba ta ƙara irin ta dutse. Murjani in ka duba shi da kyau a rana za ka ga ƙananan jijiyoyi a jere kamar na itace, launinsa kuma bai zama ɗaya sak a kowane ƙwaya ba. Duba bakin huda: dutsen da wuya ya daɗe yana ɗauka, zare ya cinye bakin hudarsa ya yi santsi.

Gilashi kuwa ba duka ne na waje ba. Daga nan in ka bi Suleja, ka ratsa Lambata da Lapai da Agaie, za ka isa Bida, inda unguwar Masaga take. Masagawa suna cewa asalinsu daga Misra suka taso, suka biyo ta Borno. A da su suke dafa gilashinsu da kansu daga yashi da kanwa, wani baƙin gilashi da suke kira bikini. Da kwalaben Turawa suka yawaita, sai suka koma narka su, shi ya sa ake samun ƙarau kore da ruwan ƙasa da shuɗi, gwargwadon kwalbar da aka fasa. Ƙarau na Bida a jikin sandar ƙarfe ake naɗa shi a buɗa shi a bakin wuta, don haka cikinsa a shafe yake, bayansa a dunƙule, zagayensa bai cika daidai ba, kuma in ka ɗaga shi a haske za ka ga ƙananan kumfa a ciki. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya da ta karrama saboda sana'ar hannu. Ƙarau ɗin da muke ba yara su yi wasa da shi har ya fashe, irinsa ne ake ajiyewa a gidajen tarihi na Turai.

Azurfa, tsofaffin kuɗi da zinariya

A wasu adakokin akwai wani babban kuɗin azurfa mai hoton mace, sau da yawa an like masa kunne don ratayawa. Liyari ke nan, kuɗin Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda ya yi yawo daga Habasha da ƙasashen Larabawa har Borno da ƙasar Hausa. A jikinsa za ka ga 1780. Kada wannan ya ruɗe ka. Shekarar da sarauniyar ta rasu ce, kuma duk wanda aka buga bayan nan, a Biyana ko Landan ko Rum ko Bombai, wannan shekarar aka ci gaba da sa masa, har yau ma ana buga shi. Na gaske nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, mafi yawansa azurfa. Kowane mai sayar da zinariya a kasuwar Wuse yana da sikelin da zai auna maka.

Sulallan Afirka ta Yamma na zamanin Turawa da aka fara bugawa a 1913 na azurfa ne, a 1920 aka koma yin su da gaurayen tagulla. Maƙeran fari sun narka na azurfar da yawa sun yi zobba da awarwaro da mundaye, don haka munduwar kakarka wataƙila kuɗin gyaɗar kakanka ce. Azurfa in ta daɗe baƙi take yi, ba ta tsatsa, ba ta kuma kama mayen ƙarfe. Kwabo da anini masu huda da tauraro kuwa, an buga su birjik, yawancinsu ba su da tsada. A ajiye su don yara su ga abin da ake kira anini, kafin Naira ta zo ran 1 ga Janairun 1973.

Zinariyar da alhazai suka riƙa kawowa daga Makka tana da lamba a maƙalar sarƙa ko cikin zobe: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Lamba kaɗai ba ta isa shaida ba, ana buga ta a jabu. A kai wa masani ya gwada, kuma a ji bakin mutum biyu kafin a sallama.

A nan ya kamata mu ja kunnen juna. Lokaci-lokaci jita-jita kan taso cewa tsohon dutsen guga na gawayi, ko keken ɗinki, ko wani kwabo, yana ɗauke da wani sinadari da ake saye miliyoyi. Ƙarya ce, hanyar damfara ce. Sanin darajar tsohon kaya daban, mafarkin arziƙin dare ɗaya daban.

Tukunyar maƙwabta

Akwai abu guda da ƙasar nan da muke zaune a kai ta ba duniya. Ciro Naira 20 ka juya bayanta: matar da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga Kwali, nan cikin yankin birnin tarayya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta a fada, a can Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja a farkon shekarun 1950, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta je Ingila da Amurka ta nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Titin da aka sa wa sunanta yana nan a Wuse.

Cibiyar ta yi tuluna da kofuna da farantai da butocin shayi masu ƙyalli, ma'aikata da 'yan kasuwa sun saya sun kai gida. Alamarsu tana gindi: ƙaramin hatimi da aka rubuta Abuja da haruffan Larabci, kusa da shi haruffan sunan wanda ya gina. Na Ladi, LK ne. Aikinta a yau ana gwanjonsa a Landan kan dubban fam. Duk wanda iyayensa suka zauna Suleja ko Minna ko Kaduna a wancan zamani, bai yi asara ba in ya juya tsofaffin kwanonin ƙasa na gidansu ya duba.

Haƙƙin magada

Maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce. Kayan ɗakin mace dukiyarta ce, in ta rasu gado ne, a cikin magada kuma sau da yawa akwai marayu ƙanana. In aka yi wa tasar hannu kuɗin kilo, ko aka haɗa murjani da tarkacen roba aka ba wata kyauta, an tauye haƙƙin wani ba tare da an sani ba. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Kafin a raba, a nemi wanda ya san kayan ya yi musu ƙima. In akwai mai son riƙe abin tunawa da uwa, a sa shi cikin kasonsa a kan ƙimar gaskiya, ya zauna a cikin dangi.

Akwai kuma doka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke nan Abuja, ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Ba a cinikinsa sai ta hannun wanda hukuma ta amince wa, ba a fitar da shi waje sai da izini. Dillalin da ya zo yana gaggawa, yana cewa kada a faɗa wa kowa, a yi hattara da shi.

Kada kuma son gyara ya ɓata kaya. Ba a dirje tagulla da azurfa da yashi ko soson ƙarfe, yana cinye zane. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Kada a jiƙa murjani a ruwan tsami ko lemon tsami, suna cin sa. Kada a tsinke tsohon zare a haɗa duwatsun uwa da na kasuwa, domin yadda aka jera su ma shaida ce.

Abu mafi muhimmanci kuwa ba ya buƙatar ko sisi. Bayan abin da muka gani a baron nan, ɗaya daga cikinmu ya je ya zauna gaban gwaggonsa, ya ce, “Gwaggo, don Allah langar nan mai jan fure, yaushe kika same ta?” Ta yi dariya ta ce, “Kai ɗan nan, yau kuma? Ai da ita aka kai ni ɗaki, shekarar da aka canja kuɗi. Tasar can kuwa ta Inna ce, ita ma a ɗakin uwarta ta tashi ta gan ta.” Da magana biyu ta ba langa shekara, 1973, ta kuma mayar da tasa baya hawa uku. Haka tsofaffinmu suke lissafi: zuwan Sarauniya 1956, rasuwar Sardauna 1966, canjin hannu 1972. Wanda ya san waɗannan zai iya sa wa kusan komai shekara.

Don haka roƙonmu ga kowane gida a unguwar nan, a buɗe adaka tun mai ita tana da rai da hankalinta. A ɗauki hoton kowane abu da waya, sama da gindi. A naɗi muryarta tana faɗin na wace ce, daga wane gari, a wane biki. A rubuta a takarda a saka cikin kwanon, a kuma tura wa 'yan'uwa na gida. Gobe in ƙaura ta sake kamawa, ko rai ya yi halinsa, jikanmu da aka haifa a Abuja zai ɗauki tasa ya ce wannan daga ɗakin kakar kakata ta fito, a gari kaza.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya da nisan kwana.